Kada A Yanke Tarihin Mawaƙi Gida Biyu

A Tudun Wadar Zariya, tun daga majalisun da ke bakin titin Kongo har zuwa ɗakunan da ɗalibai ke haya a lungunan unguwar, da wuya a ambaci sunan Yusuf Islam a rasa wanda zai ce ya san labarinsa. Labarin kuwa kusan iri ɗaya ne a kowane baki: wani mawaƙi ne mutumin Ingila, wanda duniya ta ba shi suna da dukiya, ya shiga teku wanka a Amurka igiyar ruwa ta kusa tafiya da shi, ya roƙi Allah ya tsira, daga baya wansa ya kawo masa tarjamar Alƙur'ani, ya karanta, ya musulunta a ƙarshen shekarar 1977, ya ajiye jita. Duk wannan gaskiya ne, babu ƙari a ciki. Abin da ke akwai shi ne ragi. Mai ba da labarin yakan ɗauko shi ne daga lokacin da mutumin yake da shekara 29, sa'an nan ya dunƙule shekarun da ya yi yana waƙa da sunan Cat Stevens, tare da manyan faya-fayai 11 da ya fitar tsakanin 1967 da 1978, a cikin kalmomi huɗu: da can mawaƙi ne.

Wannan ragi ba ƙaramin abu ba ne, domin ba a kan Baturen kaɗai ya tsaya ba. Ɗabi'a ce da ta zauna a ƙasar Hausa, watau a ɗauki ƙuruciyar mai fasaha a matsayin abin kunya da ya kamata a rufe, a jira sai ya tsufa ko ya tuba ko ya rasu sa'an nan a fara yabonsa. Sakamakon haka shi ne, waƙoƙin farko na manyan makaɗan ƙasar nan suna salwanta ɗaya bayan ɗaya, babu mai makoki. Saboda haka ya kamata a koma a dubi waƙoƙin farkon wannan mutum, a ga abin da ke cikinsu, a kuma ga dalilin da ya sa har yau suke nan daram, alhali na Shata da Narambaɗa da Ɗan Maraya suna hannun ƙura da zafin rana.

An haife shi a birnin Landan ran 21 ga watan Yuli, 1948, aka sa masa suna Steven Demetre Georgiou. Mahaifinsa Bagirke ne daga tsibirin Ƙubrus, mahaifiyarsa kuwa mutuniyar Suwidin ce, suna da gidan sayar da abinci a tsakiyar unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta Landan, iyalin kuma suna zaune a saman shagon. Watau yaron ya tashi ne yana kai wa baƙi abinci, yana jin kiɗe-kiɗe na fitowa daga kowace ƙofa. Ya yi makarantar Katolika, ya kuma yi ɗan zama a makarantar koyon zane ta Hammersmith. Yana da shekara 18 wani mai shirya waƙoƙi, Mike Hurst, ya ji muryarsa, ya kai shi kamfanin Deram, reshen kamfanin Decca. A cikin 1966 aka fitar da ƙaramin faifansa na farko, "I Love My Dog", waƙa ce a kan ƙaunar da yake yi wa karensa. Ba za a ce wata babbar hikima ce a cikinta ba, aikin yaro ne, kuma haka ya kamata a karɓe ta.

Amma ta biyun, "Matthew and Son", wadda ta kai matsayi na 2 a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Ingila a farkon 1967, ita ce ya kamata kowane ma'aikacin gwamnati ya san abin da take faɗa. Waƙar akawuna ce. Tana kwatanta ma'aikatan wani kamfani da ke sammako suna gudu kada su makara, suna yini a kan tebur, hutunsu ɗan taƙaitacce, albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata, aikin yana bin su har kan gado, kuma duk da shekarun da suka share babu mai ƙarfin halin da zai buɗe baki ya nemi ƙari. Yaro ɗan shekara 18 ne ya lura da wannan, ya kuma sa shi a cikin waƙar da ake rawa da ita. Wanda ya san cewa makarantar Kongo ta fara ne a 1947 a matsayin wurin horar da akawuna, ya kuma san dubban mutanen da suka fita daga nan suka ƙare rayuwarsu a tsakanin fayil da tambari, zai gane cewa waƙar ba ta Landan kaɗai ba ce. A nan gida ma akwai takwararta. Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a 2015, yana cikin abin da ya fara fito da shi waƙar da ya yi wa karen mota, watau mutumin da kowa ke aika, kowa ke zagi, ba mai yi wa kirari. Samari biyu ne sa'o'in juna, ɗaya da jita ɗaya da kuntigi, ba su san juna ba, amma idonsu ya faɗa kan mutum ɗaya: wanda ke ƙasa.

A cikin watan Maris na 1967 aka fitar da babban faifansa na farko mai wannan suna, ya karɓu. A wannan shekara ce kuma aka haɗa shi yawon wasa a garuruwan Ingila tare da Jimi Hendrix da Engelbert Humperdinck da wasu. Kamfani ya sa masa kaya masu ƙyalli, ya cika waƙoƙinsa da ƙahonni da gogunan Turawa har muryarsa ta kusa ɓacewa a ciki. Faifai na biyu, "New Masters", wanda ya fito a ƙarshen shekarar, bai yi kasuwa ba sam. Abin mamaki kuwa a cikinsa ne waƙar "The First Cut Is the Deepest" take, wadda wata mawaƙiya 'yar Amurka, P. P. Arnold, ta riga shi rerawa, wadda kuma Rod Stewart ya kai ta matsayi na 1 a Ingila shekara 10 bayan haka. Faifan da aka ce ya faɗi, ashe yana ɗauke da ɗaya daga cikin waƙoƙin da suka fi daɗewa a duniya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kasuwar yau ba ita ce alƙalin abin da ya kamata a adana ba.

Bai daɗe da wannan faɗuwa ba sai tarin fuka ya kama shi, har huhunsa ɗaya ya lalace. Aka kwantar da shi watanni a asibitin Sarki Edward na Bakwai da ke Midhurst, daga nan ya yi kusan shekara guda yana jinya a gida. Saurayin da jiya 'yan mata ke yi wa ihu, yau ga shi kwance ana yi masa allura, yana ganin ana fitar da gawar waɗanda suka kwana tare da shi. A nan ne ya fara tambayar da ba ta sake shi ba: ina aka dosa, kuma me ke bayan mutuwa? Ya shiga karanta littattafan addinai, ya kuma rubuta waƙoƙi wajen 40. Masu fara labarinsa daga tekun Amurka sun makara da shekaru. Neman ya fara ne a gadon asibiti, shaidarsa kuwa tana cikin faya-fayan nan da ake cewa ba su da amfani.

Da ya warke sai ya rabu da Deram, ya koma kamfanin Island na Chris Blackwell, ya haɗu da Paul Samwell-Smith a matsayin mai shirya sauti da Alun Davies mai kaɗa jita. Suka watsar da tarkacen ƙahonni, suka bar murya da jita da ɗan fiyano. A cikin wata 18 kacal ya fitar da manyan faya-fayai uku: "Mona Bone Jakon" a watan Afrilu na 1970, "Tea for the Tillerman" a watan Nuwamba na wannan shekara, da "Teaser and the Firecat" a 1971. Zanen da ke bayan kowannensu ma shi ya yi da hannunsa. A kan waɗannan uku ne sunansa ya tsaya har yau, kuma na tsakiyan shi ne bakandamiyarsa, in an yarda a ari kalmar makaɗan gida.

Ya kamata a ɗan dakata a kan wannan faifai na tsakiya, domin a nan ne nauyin maganar yake. Waƙar da ta buɗe shi, "Where Do the Children Play?", ba ta musanta ci gaba ba. Ta yarda an ƙera jirage, an shimfiɗa hanyoyi, an ta da dogayen gine-gine, sa'an nan ta yi tambaya ɗaya wadda ita ce sunan waƙar, watau ina yara za su yi wasa. A 1970 aka yi wannan tambaya a Landan. Duk wanda ya san Tudun Wada da Gyallesu da Tudun Jukun a shekarun baya, ya kuma zagaya su yanzu ya ga yadda filaye suka zama shaguna, dandali ya zama gareji, yara suka koma buga ƙwallo a kan kwalta tsakanin babura, zai san cewa jami'an tsara gari na da amsar da ake bin su bashi. Akwai kuma "On the Road to Find Out", labarin saurayin da ya bar gida yana neman gaskiya, ya ƙare da shawarar a kori shaiɗan a rungumi littafi mai kyau. Shekara 7 kafin ya musulunta ya rera ta, a lokacin da bai taɓa buɗe Alƙur'ani ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Sai kuma "Father and Son", wadda ita ce ta fi kusa da zuciyar Bahaushe. Muryoyi biyu ne a cikinta, shi kaɗai ya yi su: uba da murya mai kauri yana cewa ɗansa ya yi haƙuri, ya natsu, ya yi aure ya zauna, ɗa kuwa da murya mai tsini yana cewa tun da ya fara magana ake umurtarsa ya yi shiru ya saurara, dole ne ya tafi. Asali an rubuta ta ne don wani wasan kwaikwayo a kan juyin juya halin Rasha wanda ba a ƙarasa ba, inda ɗan manomi ke son bin 'yan juyi uban yana hana shi. Abin da ya sa waƙar ta yi ƙarko shi ne ba ta yanke hukunci ba. Uban ba azzalumi ba ne, ɗan kuma ba fanɗararre ba ne. A nan ƙasar an saba cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma gaskiya ne, sai dai karin maganar bai faɗi abin da yaron ke gani daga kan rimin ba. Ɗalibin da mahaifinsa ya turo Kongo ya karanta shari'a alhali ransa na wajen wani abu daban, ya san wannan zance ba sai an yi masa tarjama ba.

Alhaji Mamman Shata ma ya san shi. An haife shi a Musawa a 1923, mahaifinsa kuwa bai so ya zama mawaƙi ba, domin ba gadon gidansu ba ne, a wancan zamani kuma ana ɗaukar waƙa roƙo ce. Ya yi tallan goro da alewa, yana rera waƙa a dandali, har abin ya fi ƙarfin hani. Wannan yaro da aka so hanawa shi ne wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa na dakta a 1988, a nan Zariya. To, amma ga bambancin. Waƙar da Cat Stevens ya yi yana da shekara 18 ana iya sauraronta yau da tsabtar sauti, an san ranar da ta fito, an san wanda ya shirya ta, an san wanda ya kaɗa kowane abin kiɗa. Waƙoƙin da Shata ya yi yana da wannan shekara sun tafi tare da iskar dandalin da ya rera su. Ba laifin kowa ba ne, babu na'ura a lokacin. Laifin yana kan abin da aka ɗauka daga baya, aka kuma bari yana lalacewa.

Kafin a kai ga wannan, akwai maganar da ba za a tsallake ba. Wani zai ce, mai waƙoƙin da kansa ya bar su, to mene ne na wani ya tono? Amsar tana cikin abin da shi mutumin ya aikata. Gaskiya ne ya musulunta ran 23 ga Disamba, 1977, a babban masallacin Landan, ya ɗauki sunan Yusuf Islam a 1978, ya yi wasansa na ƙarshe a Wembley a watan Nuwamba na 1979 don taimakon yara, sa'an nan ya yi gwanjon kayan kiɗansa ya ba da kuɗin sadaka. Amma kuɗin haƙƙin mallaka na tsofaffin waƙoƙin bai daina shigowa ba, da shi ne kuma ya samu ƙarfin kafa makarantar firamare ta Islamia a Landan a 1983, wadda a 1998 ta shiga sahun makarantun Musulmi na farko da gwamnatin Birtaniya ta fara ba tallafi. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar agaji ta Muslim Aid a 1985. Wanda ke alfahari da makarantar yana ƙyamar waƙoƙin, ya kamata ya san tushen ginin da yake yabo.

Haka kuma masu ba da labarin sukan yanke ƙarshensa kamar yadda suke yanke farkonsa. Bayan shekaru fiye da 20, ɗansa ya shigo da jita cikin gida, uban ya ɗauka ya taɓa. A 2006 ya fitar da "An Other Cup", faifansa na farko irin na da cikin shekara 28, ya kuma koma rera tsofaffin waƙoƙinsa a gaban jama'a, har a babban bikin Glastonbury na 2023. Wasu Musulmi sun yi murna, wasu sun yi tir. Wannan shafi ba wurin ba da fatawa ba ne, kuma saɓanin malamai a kan kiɗa ya girmi kowa da ke raye. Akwai waɗanda suka haramta kayan kiɗa, akwai kuma irin su Imamu Gazali, wanda ya ware babi guda a cikin "Ihya'u Ulumiddin" yana bayanin sharuɗɗan halaccin sauraro, da Ibn Hazmi na Andalus wanda bai ga haramcin ba. Kowa na da malamin da yake bi. Abin da ba shi da kyau shi ne a ɗauki rayuwar mutum a yi mata aski gaba da baya don ta dace da wa'azin da ake son yi. In za a kafa hujja da shi, a kafa da shi gaba ɗayansa. Ɗalibin da aka koya wa bincike a jami'a ya fi kowa sanin cewa boye rabin shaida ba ya cikin amana.

A 2020, da faifan "Tea for the Tillerman" ya cika shekara 50, sai ya fitar da sabon ɗauka da ya yi masa daga farko har ƙarshe. Da aka zo kan waƙar uba da ɗa, sai aka ɗauko muryarsa da aka naɗa a wani wasa da ya yi a birnin Los Angeles a 1970, aka ba ta matsayin ɗa, shi kuma dattijo ya amsa a matsayin uba. Mutum ɗaya, rabin ƙarni a tsakani, yana yi wa kansa nasiha yana kuma ƙin karɓa. Ko wanda bai ji Turanci ba, in aka yi masa bayanin abin da ke gudana, sai jikinsa ya yi sanyi. Amma abin lura ga ma'aikaci shi ne yadda hakan ta yiwu. Ta yiwu ne domin wani ya naɗi wasan, wani ya rubuta kwanan wata a jikin akwatin, wani ya ajiye shi a ɗaki mai sanyi, wasu kuma suka yi ta karɓar albashi shekara 50 suna gadinsa. Aikin akawu ne, irin wanda waƙarsa ta biyu ta tausaya wa.

Ba wai Turawa ba sa asara ba ne. Gidan rediyo da talbijin na BBC ya shafe ɗimbin shirye-shiryensa na shekarun 1960 da 1970 don ya sake amfani da zaren, a 2008 kuma gobara ta cinye asalin naɗe-naɗen waƙoƙi masu yawa a ma'ajiyar kamfanin Universal a Amurka. Sai dai su sun ɗauki waɗannan a matsayin abin kunya, ana ta rubutu a kai. A nan kuwa asarar shiru take yi. Zaren naɗar sauti ba ya jure zafi da laima da ƙura, ƙasar Hausa kuwa tana da ukun duka, kowanne da lokacinsa. Faifan garmaho na farko yana fashewa in ya faɗi, na roba yana lanƙwashewa in ya sha rana. Na'urorin da ke karanta su ma sun zama sai an tona.

Abin da ke cikin haɗari ba kaɗan ba ne. Tun da aka buɗe gidan rediyo da talbijin na Kaduna a 1962, manyan makaɗan Arewa suka riƙa zuwa ana naɗar su. A Zariya kanta, wani masani Ba'amurke, David Ames, ya zauna a farkon shekarun 1960 yana naɗar makaɗan fada da na sana'a da na bukukuwa, aka buga wani ɓangare na aikin a faya-fayai biyu a Jamus ƙarƙashin hukumar UNESCO, shi da Anthony King kuma suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Watau muryoyin kakannin wasu mutanen Zazzau suna zaune lafiya a ɗakunan karatu na Turai, jikokinsu a nan ba su taɓa jin su ba. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na dakta a kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa a littattafansa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma sun fitar da "Shata Ikon Allah" a 2006. Duk waɗannan ayyuka ne na yabo. Amma littafi yana adana baiti ne, ba ya adana murya, ba ya adana amon kalangu. Ibrahim Narambaɗa ya rasu tun kafin kaset ya yaɗu, abin da ya rage na muryarsa kuwa bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da abin da ya rera a fadar Isa.

A dubi bambancin da ke tsakanin wannan da rubutacciyar waƙa. "Imfiraji" ta Malam Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya wanda ya rasu a 1990, tana nan a hannun jama'a domin an buga ta a maɗaba'ar garin nan, an sa ta a manhajar makarantu, an yi ta sake bugu. An ga darajarta domin wa'azi ce, kuma ta cancanta. Waƙar baka kuwa, musamman ta ƙuruciyar mawaƙi, wadda ya yi wa 'yan mata ko direbobi ko 'yan dambe ko mashaya, ita ce ake kawar da kai daga gare ta. Alhali kuwa masanin tarihin da ke son sanin yadda talaka ya ji da zuwan jirgin ƙasa da mota, ko yadda aka sha da harajin zamanin Turawa, ko irin Hausar da ake yi a tasha shekara 70 da suka wuce, a cikin waɗannan waƙoƙi zai samu, ba a cikin rahoton Razdan ba.

A shekarun da ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji, watau 1975, gidaje da yawa a Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru sun sayi rediyo mai haɗe da garmaho. Aka tara faya-fayan Shata da na Ɗan Maraya da na Indiya, gefe guda kuma ga na James Brown da Jimmy Cliff. Wanda ma bai san sunan Cat Stevens ba yana iya sanin waƙarsa "Wild World" ta bakin Jimmy Cliff, wanda ya rera ta a 1970. Yawancin masu waɗannan kaya sun tsufa ko sun rasu. Sa'ad da aka zo rabon gado kuwa, ana ƙirga gida da gona da tufafi, akwatin faifai kuma a miƙa wa yara su yi wasa da shi, ko a zubar a bola, wani lokaci ma da niyyar a rage wa mamaci nauyi. Na Turawan da ke cikin akwatin ba a yi asarar komai ba, akwai asalinsu a Landan. Na gidan ne wani lokaci shi ke nan kwafin da ya rage.

Yau ma'ajiyar waƙoƙin Hausa ta gaskiya tana hannun samarin nan masu tura waƙa a waya a rumfunan bakin kasuwa, da masu ɗorawa a intanet. Sun cancanci godiya, domin ba don su ba da abubuwa da yawa sun ɓace. Amma abin da ke hannunsu kwafin kwafi ne, sauti ya dushe, an yanke farko ko ƙarshe, babu shekara, babu sunan 'yan amshi, wani lokaci ma a liƙa wa waƙar wani sunan wani. Iyalan mawaƙan kuwa ba su ganin ko sisi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ƙasar nan tana da dokar haƙƙin mallaka tun kafin dokar soja ta 1988, an kuma sabunta ta da wadda aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba ta iya kare waƙar da ba a san ranar da aka yi ta ba, ba a kuma rubuta sunan mai ita a ko'ina ba.

Aikin da ake bukata bai kai gina gada tsada ba. Sashen Harsuna da Al'adun Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello, da Gidan Arewa da ke Kaduna, da ma'aikatun al'adu na jihohi, suna iya buɗe rajista guda, a yi shela a rediyo cewa duk mai tsohon faifai ko kaset ya kawo aro, a juya shi zuwa kwamfuta a gabansa, a mayar masa da kayansa tare da kwafi. A nemi kwafin abin da Ames da irinsa suka naɗa daga inda yake a ƙasashen waje. Ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kai, maimakon a yi ta maimaita jigo da salo a waƙa ɗaya da aka riga aka yi wa kundi goma, a tura su wajen sauran 'yan amshi da makaɗan da ke raye, su tambayo su shekarar da aka yi kowace waƙa, da garin da aka yi ta, da wanda aka yi wa. Shata ya rasu a watan Yuni na 1999, Ɗan Maraya a watan Yuni na 2015, Barmani Coge a 2013. Mutanen da suka tsaya a bayansu suna amshi, waɗanda su kaɗai ne za su iya cewa wannan ita ce ta farko wannan ita ce ta biyu, mafi ƙanƙantarsu ma yanzu furfura ta cika masa kai.